Muryar Zabuwa

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin wurin, ya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya ƙalau muke, sai abu ɗaya, wanda shi ya sa ka ga takarda a hannun direban kamfaninku maimakon ka ji ni a waya. Kar hankalinka ya tashi, nemi wuri ka zauna tukuna.

An hana ni magana. Na san dariya za ka yi. Yi abarka ka gama, Inna ma ta yi tata har da hawaye.

Ka tuna dushewar muryar nan da nake fama da ita tun kafin ka tafi aikin gadar nan, nake ce maka mura ce? Ran nan muna situdiyo muna ɗaukar muryar shirinmu na yara, aka zo wurin da Zabuwa ta kama Dila a bakin sheƙarta za ta ƙwala ihun nan nata, “Wayyo ƙwaina!” Na ja numfashi, na buɗe baki, sai iska. A allon da ke gabana ga Zabuwa tana ta wage baki tana kaɗa fiffike, ni kuwa ko kukan ɗan tsako babu. Darakta ya ɗauka makirfo ne ya lalace, ya sa ana ta canza waya. Baba Kunkuru, tsohon nan da ke yin muryar kunkuru a shirin, shi ya zare abin kunnensa ya ce, “Ku ƙyale wayar nan, ba ita ba ce. Ku kai yarinyar nan asibiti.”

Likita ya zura mini wata siririyar kyamara ta hanci, ya juyo mini da allo na ga cikin maƙogwarona. Ban taɓa sanin abin da nake ci da shi ɗan mitsitsi ne haka ba: wasu fararen jijiyoyi biyu, a jikin ɗaya akwai ɗan ƙari kamar ƙwayar shinkafa. Ya tambayi sana’ata, na kakaro masa da ƙyar cewa ni ce Zabuwa ta katun ɗin yara. Ya ajiye biro ya ce ’ya’yansa ba sa cin abinci sai an kunna musu ni. Daga nan ya ɗaure fuska, ya ce shekarun da na yi ina matse murya ina ihu su suka jawo, kuma daga yau babu magana, babu raɗa, babu gyaran murya, babu dariya mai sauti, sai bayan wasu makonni ya sake dubawa. In ƙarin ya sace, shi ke nan. In bai sace ba, sai aikin tiyata.

Baban Auta, ni da ko ni kaɗai a kicin ina hira da tukwane! Na rasa inda zan sa kaina. Na wanke labulaye, na juya kujerun falo, na mayar da su yadda suke, na sake juyawa. Magana ta taru mini a ƙirji kamar ruwa a bututun da ya toshe.

Inna ta dawo nan da zama, wai ita ce bakina. Sai dai bakin nan nawa yana da ra’ayin kansa. Na nuna mata da hannu a rufe taga, ta kawo mini bargo. Na nuna mata ta gaya wa maƙwabciyarmu na gode da zuma, ta gaya mata wai na ce ta rage ƙarar rediyonta. Da na zare ido sai ta ce, “To ai da ma ya kamata a faɗa.” Masu zuwa dubiya kuma duk sai su matso kusa da kunnena su ɗaga murya, suna jan kalmomi. Ni ba kurma ba ce, amma da wane baki zan faɗa? Yanzu da cokali da kofi nake yawo, in ina son a waiwayo sai in ƙwanƙwasa.

Auta ce ke damuna. Ta ɗauka fushi nake da ita. Ta zo ta ba ni haƙuri a kan madarar da ta zubar, da takalmin da ta ɓatar, har da abin da ban san ta yi ba. Na rungume ta, na sumbace ta, amma sai kallon bakina take. Da la’asar da aka sako shirinmu ta jawo ’yar kujerarta ta manna kunnenta a jikin talabijin. Inna ta ce ta matsa baya, ta ce, “A’a, Mama nake ji.”

Ka gai da abokan aikinka. Ka rubuto amsa ka ba direban, ka cika takardar, kar ka yi mini layi uku irin naka.

Taka,
Zabuwa

*

Baban Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta zo. Layi biyar, an samu ci gaba. Ka ce ɗakinka ya yi maka shiru tun da na daina kira. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Maganar ka nemi hutu kuwa, kar ka yi, ka bari sai an ga abin da likita zai ce.

Na yi abin da za ka yi faɗa. Na je situdiyo. Zaman gida ya ishe ni, na ce bari in leƙa su kawai in gaisa da hannu. Ina hawa bene na ji ni kaina ina ihu daga ciki. “Wayyo ƙwaina!” Na tsaya a matattakala. Aka sake yi, da wata muryar. Na ƙarasa na tarar da ’yan mata a jere kan benci, kowacce da takarda a hannu, kowacce tana motsa baki tana kwaikwayona. Shirye-shiryen da muka ɗauka kafin in kwanta sun kusa ƙarewa, gidan talabijin kuma ba zai jira maƙogwarona ba. Ba wanda ya gaya mini. Ba na jin mugunta ce, kunya ce ta hana su.

Darakta da ya gan ni ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi ta cewa na wucin gadi ne, kafin in warke. Sannan ya ce tunda Allah ya kawo ni, in zauna kusa da shi bayan gilashi in taya shi zaɓe, don ba wanda ya san Zabuwa kamar ni. Na so in juya in tafi. Ƙafata ce ta ƙi.

Ka san ɗakin, ɗan ƙarami mai soso a bango, da tabon shayina a kan teburin. Suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa inda nake tsayawa. Yawancinsu tsiwa kawai suke yi, sun ɗauka Zabuwa masifaffiya ce. Ba masifa ba ce, tsoro ne. Uwa ce mai mantuwa, ta san tana da mantuwa, shi ya sa hankalinta ba ya kwanciya. Ina jin su ina jin daɗi a raina, Allah ya yafe mini, ina cewa ai ba za su samu ba.

Sai ga wata siririya mai gilashi a ido, takalminta duk ƙura, ta yi sallama can ƙasa-ƙasa kamar mai neman a yafe mata zuwanta. Aka sakar mata hoton. Baban Auta, sai da na gyara zama. Ba kwaikwayona ta yi ba. Kafin ihun ta yi wata ’yar ajiyar zuciya, kamar Zabuwa ta riga ta san ƙwan ba sa nan tun kafin ta duba. Ni ban taɓa yin haka ba, kuma ya fi nawa.

Darakta ya turo mini ɗan allo da alli ya ce wa na gani. Akwai wata mai jan mayafi da ta yi dama-dama, irin wadda yara za su jure amma su yi ta tambaya ina ta da. Na san in na rubuta ta zai ɗauke ta, don ya yarda da ni. Na riƙe allin har ya jiƙe a hannuna. Baba Kunkuru yana gefe yana shan ruwan ɗuminsa, bai ma kalle ni ba. Na rubuta, “Mai gilashi.” Na tashi na fita ban jira godiya ba.

Mai gilashin ta biyo ni har bakin titi tana, “Anti, Anti.” Ta ce da muryata ta girma, wai in ta yi kuka tana ƙarama yayarta ke kunna mata ni. Na yi mata murmushi, na dafa kafaɗarta. Wannan karon na gode wa likita da ya rufe mini baki, don ban san abin da zai fito ba.

Ban hau mota ba, da ƙafa na dawo gida, ta kasuwa, ta bayan makarantar su Auta, ta hanyar da ba tawa ba ma. Na iso ƙafafuna sun kumbura. Inna ta dube ni ta ce, “Su ƙafafun ma likita bai hana su ba?”

Ka yi mini addu’a. Auta na gaishe ka, ta zana maka kunkuru a bayan takardar nan, ko da yake ya fi kama da kwano.

Matarka,
Zabuwa

*

Baban Auta,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Auta lafiyarta ƙalau, na fara da wannan don kar ka tsallake layi.

Na yi magana. Ba magana ba ma, ihu.

Da hantsi ina guga a falo, mai gyaran famfo ya buga ƙofa. Na jingine dutsen gugar a kan tebur na je buɗewa, Inna tana wanka. Ina waiwayowa na ga Auta ta kama wayar dutsen tana ja, tana son ta ɗauko ’yar tsanarta da ta faɗa ƙarƙashin teburin, dutsen yana tangaɗi saitin kanta. Kofina da cokalina suna kicin. Ko suna hannuna me za su yi? Na ƙwala mata kira da duk abin da Allah ya ba ni. Ta saki wayar ta ja da baya, dutsen ya faɗo ƙasa tsakanin ƙafafunta ya ƙona ledar ɗakin. Ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Ni kuwa na ji wani abu ya tsinke a wuyana, na ji ɗanɗanon jini. Auta ba ta ko kalli dutsen ba. Ta rugo ta rungume ƙafata tana tsalle tana cewa, “Mama ta yi magana! Ƙara, Mama, ƙara!” Na durƙusa na riƙe ta, ina so in ƙara ɗin, babu.

Likita ya sake zura kyamararsa ya duba. Jijiyar ta fashe ta yi jini, ƙarin ya ƙaru, zancen jira ya ƙare, sai aiki. Na rubuta masa abin da ya faru. Ya karanta ya ce shi ma da haka zai yi. Na rubuta masa, muryar za ta dawo? Ya ce zan yi magana, wannan ya yi mini alkawari da yardar Allah. Na ja layi ƙarƙashin “muryar” na sake tura masa. Ya ce wannan ba zai iya yi mini alkawarinta ba.

Jiya kuma aka fara sako na mai gilashi. Ban gaya wa Auta ba, na ce ƙila ba za ta gane ba. Ta jawo kujerarta kamar kullum, ta manna kunne. Zabuwa ta buɗe baki. Auta ta ɗago kai, ta leƙa bayan talabijin, ta dawo ta sake saurare. Sai ta ce wa Inna, “Wannan ba Mama ba ce.” Inna ta ce ita ce mana, mura take yi. Ta ce, “Ba ita ba ce. An cire Mama.” Na ɗauka za ta yi kuka ta tashi, har na miƙa hannu zan ɗauke ta. Ba ta tashi ba. Da Dila ya zame ya faɗa cikin kwatami, Zabuwa ta yi masa wata dariya, sai ’yarka ta kece da dariya ita ma. Na shiga ɗaki na ninke kayan da na riga na ninke.

Akwai abin da nake so in tambaye ka, da baki ba zan iya ba ko da ina da shi. Ka sha gaya wa mutane cewa kafin ka ga fuskata muryata ka fara ji, ta bayan katangar gidan yayarka, ina yi wa yara tatsuniya ina canza murya daga kura zuwa kurciya, ka ce ko wace ce wannan ita za ka aura. Ina jin daɗi in ka faɗa. Yanzu shi ke hana ni zama: in muryar ta tafi fa? Ban ce ka amsa ba. Na faɗa ne kawai don ya fita daga ƙirjina.

Na janye abin da na ce a baya. Ka nemi hutun, ka zo. Ina jin tsoron allurar barcin nan.

Taka har kullum,
Maman Auta

*

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa, ina fatan ka koma lafiya, hanya ba ta ƙara maka ciwon baya ba. Inna ta ce in gaya maka ka manta hularka, kuma ba za ta bayar ba sai ka zo da kanka. Auta tana tambaya ko gadar taku ba ta gajiya da ginuwa.

Na gode da zuwanka. Na san ya yi maka ciwo ka koma ba ka ji ko kalma ɗaya daga bakina ba. Ban manta yadda ka zauna gefen gadon asibiti kana ta neman abin faɗa ba, kai da ba ka iya hira ba, har ka ba ni labarin yadda ake haɗa siminti daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin labari mara daɗi da na so kar ya ƙare kamar wannan ba. Tambayata ba ka amsa ba, sai ka ce wai ni da tambayar banza. Na karɓa a haka.

An ba ni izinin magana, kaɗan-kaɗan, kamar mai koyon tafiya. A ofishin likita na fara. Ya ce in ce “a”. Na ce. Na waiwaya in ga wa ya shigo. Murya ce mai kauri, can ƙasa, da ɗan kaushi kamar ana jan kujera a kan siminti. Ya ce kaushin zai ragu, amma kaurin ya zauna, kuma in har ina son in tsufa ina magana, in manta da matse murya da ihu.

A gida na rasa da me zan fara. Duk maganar da na tara ta gudu. Auta na zaune tana cin abinci, na ce, “Auta, goge bakinki.” Ka ji abin da na zaɓa bayan duk wannan shirun. Ta saki cokali, ta gudu bayan Inna tana leƙowa. Na sake kiranta. Ta fito a hankali, ta hau cinyata, ta sa yatsa a wuyana ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta ce, “Mama, kin haɗiye kwaɗo?” Inna ta yi dariya har ta shaƙe, ni ma na yi, mara sauti, yadda aka koya mini. Yanzu ta saba. Abin da ta lura da shi kawai, in na ce ta bari, tana bari da wuri fiye da da.

Na koma situdiyo, don ban yarda da likita ba sai na gwada. Na roƙi darakta ya fitar da kowa. Ya sakar mini hoton Zabuwa, na tsaya a wurina, na sa abin kunne. Na san kowane motsin bakinta, na san inda take lumshe ido. Na buɗe baki a daidai lokacin. Abin da ya fito ba nata ba ne, kuma ba zai zama nata ba. Ban yi ihun ba, na tsaya kafin nan. Na tsaya kallonta tana ta kaɗa fiffike tana neman ƙwanta har hoton ya ƙare. Darakta ya shigo ya ce in ba shi lokaci, ƙila nan gaba. Na ce masa, “Kar ka wahalar da kanka. Ta mai gilashi ce.” Ya ji muryar ya sunkuyar da kai.

Ina saukowa na haɗu da Baba Kunkuru a matattakala yana hutawa. Na gaishe shi. Ya karkata kai ya ce in sake. Na sake. Ya ce, “’Yata, ni shekara nawa ina shan ruwan sanyi a ɓoye don in samu irin wannan.” Ya ce a labaran da ake rubutawa yanzu akwai wata tsohuwar hankaka da ke zaune kan tankin ruwa, ba ta cika magana ba, sai dai in ta yi kowa ya yi tsit, kuma sun gwada mutane sun rasa. Ba babbar rawa ba ce, wani shirin ma ba ta fitowa sam. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi, amma ranar da za a ɗauka in zo da ruwan ɗumina.

Ban san ko zan je ba. Wata rana in tashi in ji zan iya, wata rana in ji ba na son in ga ɗakin nan mai soso har abada. Jiya na kama kaina a kicin ina gwada yadda hankaka za ta ce “ina kwana”, tukunya na ta tafasa. Har yanzu ina juya kujerun falo. Inna ta ce in na ƙara taɓa su za ta koma gidanta.

Direba ya ce yanzu waya ta daina kamawa a wurinku, sai ranar hutunku da kukan shiga gari. Ka kunna taka, zan kira. Ba zan daɗe ba, an ƙayyade mini, don haka kar ka ɓata mini lokaci da tambayar lafiya, na riga na gaya maka a nan. Za ka ji wata ta yi sallama da muryar da ba ka sani ba. Kar ka ce a ba ka matar gidan. Ka amsa kawai.

Ka huta lafiya.

Matarka